Taimama a Bakin Teku

Ran Asabar, tsakiyar dogon hutu,
Yahuza ya ƙi lodi, ya wanke tasinsa,
muka ɗauko Inna Adiza daga Nima.
Ta riƙo jarka, ta riƙo dadduma,
wai ruwan gishiri take so
don gwiwar nan da ke hana ta sujada.

Muka gangara ta Jamestown.
Hasumiyar fitila na tsaye, ja da fari,
kamar ba a gabanta aka yi ba.
Yara na rububin taga, suna gardamar
wa zai fara cewa ga teku.
Hanci ya riga su.
Wari irin na garejin makanike
ran da aka juye baƙin mai a kwata.

A Chorkor murahu sun yi sanyi.
Nan da hayaƙi ke sa baƙo hawaye,
yau ba hayaƙi, amma idanu ja.
Naa Korkoi na zaune a kan kwando kife.
Shekara talatin suna ciniki da Inna,
wannan da guntuwar Hausa, waccan da guntun Ga,
ba su taɓa rabuwa ba sai da gyara.
Yau ta buɗe tafin hannu biyu.
Inna ta kama su, ta daɗe ba ta saki ba.

Muka ci gaba.
Teku a hagu, yana bin mu kamar mai bin bashi.
Jiragen kamun kifi a jere bisa yashi,
kowanne da tuta da addu'a a haƙarƙari,
kowanne da baƙin zobe a ƙugu.
Wani saurayi na kankare taru da ƙyallen buhu,
yana kankara, yana ƙara shafawa.
Yahuza ya kashe rediyo.
Ba wanda ya ce ya kunna.

Kafin Kokrobite muka tsaya.
Igiyar ruwa ta zo a gajiye,
ba farin kumfa, ba tsalle,
ta ajiye abin da ta ɗauko, ta ja da baya:
ƙaguwa da ta manne da ƙafarta,
tsuntsu da ya buɗe fiffike ya kasa rufewa,
ƙananan kifi, ciki sama, suna ƙyalli
kamar canjin da ya zube a kasuwa
aka rasa mai tsinta.

Ƙaramarmu Zeliya ta taka wani dunƙule,
ta ɗago diddige tana dariya,
ta ce teku ya sa mata lalle.

Sai azahar ta yi.
Inna ta tsaya ruwa na lasar takalminta.
Ta ce, tun muna yara aka koya mana
ruwan teku tsarki ne, mushensa ma a ci.
To wannan fa?
Ta dube ni, ni da na yi boko.
Na dubi can nesa inda jirage ke tsaye
ƙanana kamar ƙudaje a bakin kwano.
Ban san wanne ba ne. Ban san ko suna ciki ba.

Ta juya wa ruwa baya.
Da gwiwar nan, a hankali, ta hau tudu,
ta wuce yashi mai tabo, ta wuce na gaba,
har gindin wata kwakwa.
Nan ta buga tafi a ƙasa,
ta shafa fuska, ta shafa hannu,
ruwan duniya duk yana bayanta.

A hanyar gida mun ci dokunu
da barkono da kifin gwangwani.
Zeliya na barci, ina goge mata ƙafa da kananzir.
A but, duk ramin da muka faɗa,
jarkar Inna sai ta amsa,
da muryar abin da ba komai a cikinsa.